Ƙusar Sangawwa

Ƙosai na cikin mai sa'ad da ƙusar ta fara motsi.

Tungabai ta ji ƙarar kafin ta gani. Ƙwas, ƙwas, ƙwas! Ana dukan kan ƙusar daga ɗaya gefen bangon, tsininta da ya ɓullo cikin kicin yana ta rawa, garin ƙasa na zubowa dab da tukunyar shinkafa. Ta yi wuf ta janye tukunyar.

"Tunga! Ke Tunga!" Muryar maƙwabciyarta Sangawwa ce ta ratso bango. "Yau dai da gaske ne!"

"Bara ma ai da gaske ne," in ji Tungabai, ko juyawa ba ta yi ba. "Ki bari in kwashe ƙosai."

"Tafiya ce fa ta zo!"

"A sauka lafiya. Ki gaida mutanen can."

Duk wanda ya zauna a Layin Masaƙa ba zai ga laifin Tungabai ba. Sau biyu Sangawwa na tara mu a kan za ta mutu. A na farko har Swami, malamin addininsu, ya sauko daga gidan bauta na kan tudu, ya shafe ta da toka, aka wanke ƙafafunsa aka ɗiga mata ruwan a baki, jikoki suka cika mota daga Hubli, aka ɗora manyan tukwane. Ana tsaka da waƙoƙin sallama ƙanshin miyar gauta ya doki hancinta, sai ta buɗe ido ta ce wa surukarta Girija gishiri bai ji ba. A na biyu kuwa ita da kanta ta raka masu zaman jiran mutuwarta har bakin titi. Tun daga nan aka laƙaba mata suna Kaka Ta-fasa, kuma tana amsawa.

Bayan tashinta na farko ne ta sa ɗanta Irappa ya kafa ƙusar. Mutanen Sangawwa, 'yan Lingayat masu bin Shiba, ba sa ƙone mamaci, ba sa kuma kwantar da shi. A zaune suke binne nasu, ƙafafu a harɗe kamar wanda ya zauna ibada. Kuma dole a zaunar da mutum tun jikinsa da ɗumi, a jingine shi da bango a ɗaure shi kada ya kife. In aka bari ya sandare a miƙe, sai an yi wa gaɓoɓinsa ƙarfi. Sangawwa tana yarinya ta ga an yi wa wata innarta haka, ta ji ƙarar da gwiwar ta yi, kuma ƙarar nan ba ta taɓa fita daga kunnenta ba. Mutuwa ba ta ba ta tsoro ko kaɗan, ɗokinta ma take kamar biki. Abin da ke hana ta sukuni shi ne ta mutu a kwance ba kowa kusa. Shi ya sa ta zauna a ƙasa ta sa aka auna daidai ƙeyarta aka buga ƙusa. Irappa kuma ba ya yin abu rabi da rabi. Ya samo wata ƙusa doguwa kamar ta ƙofar gari, ya bi ta da guduma har ta huda bangon ta ɓullo kicin ɗin Tungabai, kusa da ɗan katakon da take kunna wa Bishnu fitila.

Ranar duk layin ya ji su.

"Ƙusar gawa a kicin ɗina! A gefen ubangijina!"

"To ki rataya ludayi mana, kin samu maratayi kyauta."

Tungabai ta shafe tsinin da kashin shanu, Sangawwa ta buga ya zube. Ta sake shafewa, ya sake zubewa. A hankali ƙusar ta zama ƙararrawarsu: bugu ɗaya, ruwan famfo ya zo; bugu da yawa, akwai gulma. Dama tun suna amare suke haka. Sangawwa ta ce, "Naki ubangijin kullum yana kwance a kan maciji, mata na matsa masa ƙafa. Yaushe zai tashi ya saurare ki?" Tungabai ta ce, "Gara mai kwanciya a gidansa da mai yawon maƙabarta da toka a jiki. Kuma naki, in kin manta, yaron ubangijina ne." Tungabai 'yar Baraman ce, zuriyar malamai masu bin Bishnu, ba ta taɓa ɗanɗana gurasar dawa ta gidan Sangawwa ba saboda albasa da tafarnuwa, Sangawwa kuma ta ce shinkafar Tungabai abincin marasa lafiya ce. Amma duk ranar da ɗaya ba ta ji tarin ɗaya ba da safe, sai ta kasa karyawa.

Yau kuwa ba ranar wasa ba ce a gidan Tungabai. Ranar mijinta ce, marigayi Shamacar, ranar da ake ciyar da shi sau ɗaya a shekara. Ɗanta Wadiraj ya zo takanas daga Bangalor, ya tafi kogi wanka tare da malamai biyu da za su ci abincin a madadin mamacin. Ita kuma tun safe ta yi wankan tsarki, ta sauko da farin sarinta daga kan igiya da doguwar gora don kada hannun kowa ya taɓa shi, ta jawo ruwan rijiya da kanta, ta hura itace. Daga lokacin har malaman su wanke hannu, ko gefen rigar ɗanta bai halatta ya goge ta ba. In ta taɓa wani, balle wanda ke bakin mutuwa, abincin ya ɓaci, Shamacar ya wuni da yunwa a inda yake. Mutum ne da bai taɓa ɗaga mata murya ba a rayuwarsa, kuma wannan abincin ne kaɗai ya rage da take iya yi masa.

Ƙwas. Ƙwas.

Bugun ya yi sanyi. Sai ta ji sanda ta faɗi a ƙasa, daga nan shiru.

Tungabai ta tsaya da matsami a hannu. Sangawwa ba ta taɓa yin shiru da kanta ba, sai dai a bar ta tana magana.

"Sanga?"

Ba amsa. Daga nesa sai gangunan kan tudu, don yau ce kuma ranar jan karusar Shiba, duk 'yan layin sun ɗunguma can tun hantsi. Ta ajiye matsamin, ta suri gorar sauke tufafi, ta tattare sarinta a hannu ɗaya, ta fita tana ɗaga ƙafa kamar kaza a cikin ruwa, tana tsallake zaren da masaƙa suka shanya. A bakin ƙofar Sangawwa ta ja birki.

Tsohuwar na kwance a gefenta a ƙasan ƙusar, mazarinta ya gangara can, sandarta a yashe. Bakinta ya karkace, hannun hagu da ƙafar hagu sun saki kamar ba nata ba. Amma harshen nan na nan da ransa.

"Kin ga dama kin zo?"

"Wayyo ni! Ina Girija? Ina Irappa?"

"Suna can suna jan igiya. Na ce musu yau ce, Girija ta ce in daure sai sun dawo." Ta yi ƙoƙarin dariya, numfashi ya sarƙe ta. "Zo ki zaunar da ni, Tunga. Yi sauri, Shiba yana bakin ƙofa."

Tungabai ta leƙa titi hagu da dama. Ko kare babu. Ta ƙwala kira, ba wanda ya amsa sai wata saniya da ta ɗago kai ta ci gaba da tuƙa. Ta miƙa gorar daga inda take tsaye.

"Kama da hannun daman, in ja ki."

"Ke Tunga, akuya ce ni ta faɗa rijiya?"

"Kin san ba dama in taɓa ki! Yau ranar Shamacar ce!"

"Na sani. Tun ɗazu nake jin ƙanshin ƙosansa."

"Yanzu Wadiraj zai dawo daga kogi, ya je ya kira su a babur. Ki jira mana! Sau biyu kina fasawa, yau ɗin ce ba za ki iya ba?"

Sangawwa ta dube ta. Idon nan mai neman faɗa ya yi laushi, kuma wannan ya fi komai tayar wa Tungabai da hankali.

"Koma ga tukunyarki," in ji ta a hankali. "Bai kamata bawan nan ya wuni da yunwa saboda ni ba. In sun dawo dai, ki ce wa Irappa ya bi da gwiwata a hankali."

Idonta ya rufe, kanta ya langaɓe.

Tungabai ba ta san lokacin da gorar ta bar hannunta ba. Ta dai ga kanta a durƙushe a tsakar ɗakin da ba ta taɓa shiga da tsarki ba, kan Sangawwa a cinyarta, warin tafarnuwa ya cika mata hanci. Sai hannayenta suka shiga yin abin da suka sani, abin da suka yi wa surukarta, suka yi wa Shamacar. Ta mirgina ta ta kwantar da ita rigingine, ta miƙar da ƙafafun tsaf, ta haɗa manyan yatsun. Ta zaro ganyen tulsi, ɗoɗɗoyar da mutanenta ke tsarkakewa, da ke soke a ƙugunta, ta cusa mata a baki, ta kai bakinta kunnenta tana kuka tana kiran Bishnu da ɗaya sunansa.

"Narayana, Narayana, Narayana..."

Ido ɗaya ya buɗe. Sangawwa ta tofar da ganyen, ya maƙale mata a haɓa.

"Wa kike kira mini?"

"Au! Ba ki tafi ba?"

"Ina zan tafi kin shimfiɗe ni kamar tabarma? Ke dai duk wanda ya shiga hannunki sai kin kwantar da shi, irin na ubangijinki. Ɗaga ni!"

Nan fa aka shiga kokawa. Sangawwa mace ce cikakkiya, irin waɗanda in sun zauna a motar haya ake cewa ta cika. Tungabai kuwa azumi ya tsotse ta, iska mai ƙarfi sai ta riƙe bango. Ta zagaya ta baya ta saƙala hannaye a hammatarta ta ja, ko gezau. Ta sake ja, ƙugunta ya yi ƙara. Ta dawo ta tokare ƙafafu da buhun dawa, ta sa kafaɗa ta tura.

"Me kike ci ne haka, Sanga?"

"Albasa. Da kina ci da yanzu kin gama."

"Yi shiru ki taimaka da ƙafar mai kyau!"

"Tura! Saura kaɗan! Kai, yau ake yinta!"

Da ja da turi da nishi, bayan Sangawwa ya hau bango kaɗan kaɗan, har ƙeyarta ta zo daidai ƙasan ƙusar. Irappa ya iya awo, wannan kam ba a ƙwace masa ba. Tungabai ta danne ta da gwiwa ɗaya kada ta zame, ta kamo ƙafar dama ta naɗe, sannan ta ɗauko ta hagun da ta mutu, da hannu biyu, a hankali kamar mai ɗaukar jariri, ta ɗora a kan 'yar'uwarta. Gwiwar ta lanƙwasu lafiya lau, ba ƙara ko ɗaya.

Sangawwa ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya.

"Yauwa. Yanzu ƙyallen. Yana rataye a ƙusar, mai jan baki, ni na saƙa shi."

"Babu komai a ƙusar."

"Babu?" Ta yi jim, sai ta gane. "Girija! Da shi ta ƙunshe gurasar biki! 'Yar nan sai ta kashe ni."

"Ai kin riga ta."

Tungabai ta waiga ko'ina, kuma ba halin ta saki tsohuwar ta je nema. Sai ta kama bakin farin sarinta, wanda ta wanke da hannunta ta shanya can sama inda ko kyanwa ba ta kaiwa, ta sa haƙori ta ɓarke shi. Ta zagaya ƙyallen ta ƙirjin Sangawwa da hammatarta, ta kai shi ƙusa ta ƙulle, ta yago wani siriri ta tallafe haɓar da shi. Ta ja baya ta duba. Sangawwa na zaune ƙyam, sai ka ce mai jiran a kawo mata ƙara.

"Na yi kyau?"

"Kin fi ranar aurenki."

"Ai ranar auren ce, Shiba ne angon. Buɗe mini akwatina."

Tungabai ta san abin da take nufi. A ƙirjin Sangawwa akwai ɗan akwatin azurfa rataye da zare, a cikinsa akwai linga, ɗan baƙin dutsen da ake ɗaura wa kowane ɗan Lingayat tun yana tsumma. Shi ne Shiba nasa na kansa. Kullum da safe Sangawwa kan ɗora shi a tafin hannun hagu ta wanke shi ta zuba masa ido, ba malami ba ɗan aike, kuma da shi a tafinta za a binne ta. A gidan Tungabai ma akwai baƙin dutse na Bishnu, amma maza kaɗai ke taɓa shi. Tun tana amarya take wanke kwanukansa, take saƙa masa furanni, take dafa masa abinci, ko sau ɗaya yatsanta bai taɓa sauka a kansa ba.

"Sanga, ni mace ce. Kuma ba taku ba."

"Ni namiji ce? Buɗe, ba ya cizo."

Tungabai ta murɗe murfin. Ta kwance ɗan ƙyallen da ke ciki, dutsen ya gangaro tafinta. Ƙarami ne, bai kai goro ba, sumul, kuma da ɗumi, ɗumin ƙirjin da ya kwana a kai tun kafin a haifi Tungabai. Ba ta taɓa zaton ubangiji zai yi ɗumi a hannu ba, kuma ta rasa ko tsoro take ji ko daɗi. Ta ɗago hannun hagun da ya saki, ta buɗe tafin, ta ajiye dutsen a tsakiya, ta tallafe hannun da nata daga ƙasa don ba zai iya tsayuwa shi kaɗai ba.

"Toka. Ga ta can a kan taga."

Da hannu ɗaya ta miƙa ta jawo dunƙulen tokar, ta goga yatsu uku, ta kai goshin Sangawwa ta fara ja daga ƙasa zuwa sama, yadda mutanenta ke yin alamarsu.

"A kwance, Tunga, a kwance! Toka ce kaɗai ke kwanciya a gidanmu."

Ta goge da gefen hannu, ta ja layi uku daga wannan gefe zuwa wancan.

"To kira mini shi."

Tungabai ta sunkuyar da kai. "Shiba," ta ce can ƙasa.

"Da ƙarfi mana, ai ba sato sunan kika yi ba."

"Shiba! Shiba! Ga baiwarka nan, ka zo ka ɗauke ta ta ishe mu!"

Rabin bakin Sangawwa mai motsi ya yi murmushi. Muryarta ta koma siririya, sai da Tungabai ta matso da kunne.

"In na je zan leƙa naki in tashe shi daga barci. Shamacar kuma zan gaya masa ni na ci masa abinci, kada ya ga laifinki."

Daga nan ba ta ƙara cewa komai ba. Ta sauke idonta a kan dutsen kamar yadda take yi kowace safiya, ta zuba masa ido, ta ci gaba da kallonsa. Can kan tudu ganguna suka ɓarke gaba ɗaya, aka ji ihun jama'a ya tashi, alamar karusa ta motsa. Tungabai ta daɗe tana tallafe da hannun kafin ta lura nauyinsa ya sake.

Ƙaurin mai ne ya dawo da ita duniya, sai kuma muryar ɗanta.

"Inna! Inna, kicin na hayaƙi! Kina ina?"

Wadiraj ya bayyana a bakin ƙofar da jiƙaƙƙen zane, malaman biyu a bayansa. Babban cikinsu ya leƙa, ya ga gawa, ya ga matar Shamacar da yagaggen sari da toka har gwiwar hannu, ya ja da baya da sauri har ya taka ƙafar ɗan'uwansa.

"Inna, me kika yi? Abincin Baba fa!"

"Na sani. Ka sauke kaskon daga wuta, ka ɗauki babur ka hau tudu, ka ce wa Irappa uwarsa ta zauna."

"Amma Inna..."

"Ka tsaya kana kallona? Hannuna ya gaji!"

Daga baya Wadiraj ya ba da labarin yadda aka yi. Ya kutsa cikin taron da jiƙaƙƙen zanensa, alamar Bishnu a goshi, a tsakiyar dubban masu toka, ya sami Irappa riƙe da igiyar karusa gumi na zuba. Ya faɗa masa a kunne. Irappa ya yi dariya ya ce, "Kaka Ta-fasa? Ce mata a ajiye mana miya." Na kusa da shi ma suka kwashe da dariya. Sai Wadiraj ya ce, "Innata ce ke riƙe da ita. Da hannunta." Nan take Irappa ya saki igiyar.

Kafin ka ce me, Layin Masaƙa ya cika ya batse. Rabin bikin ne ya gangaro, da makaɗansa da masu bushe-bushensa da masu harba tartsatsin wuta. Girija ta shigo da gudu, ƙyalle mai jan baki a hannunta duk ɓurɓushin gurasa, ta faɗi gaban surukarta tana kuka tana neman gafara. Swami ya shigo yana haki, ya tsaya ya dubi tsohuwar a zaune, ƙafafu a harɗe, dutse a tafi, toka a goshi. Ya dubi farin ƙyallen da ke ƙusa, ya dubi sarin Tungabai. Girija ta kai hannu za ta cire ganyen tulsin da ke manne a haɓar.

"Bar mata," in ji Irappa. "Guzuri ne daga maƙwabta."

Sai a lokacin Tungabai ta zare hannunta daga ƙarƙashin na Sangawwa, Girija ta karɓa. Yatsunta sun ƙage, sai da ta yi ta murza su.

Mutanen Sangawwa ba sa zaman makoki irin na sauran mutane, cewa suke mamaci ya koma cikin ubangijinsa, ranar murna ce. Aka yi mata wanka, aka sa mata koren sari, aka haɗa kujera da itatuwan ayaba da furanni rawaya har ba a ganin katakon, aka zaunar da ita a ciki. Maza suka ɗaga, ganguna suka amsa. Ana watsa furanni, ana fasa kwakwa, samari na rawa a gaba, tsofaffin da suka zo zaman mutuwarta har sau biyu suna ta cewa, "Yau kam ba ta fasa ba!" Ba a taɓa ganin taro irin wannan a layin ba, ko a auren 'yar mai rini.

Tungabai ba ta bi su ba, mutanenta ba sa zuwa irin wannan wurin. Ta tsaya a dokin ƙofarta da yagaggen sarinta. Da kujerar ta zo wucewa, Sangawwa na can sama da kan kowa, a zaune daram, tana ɗan rangaji da tafiyar masu ɗauka, kanta a ɗan karkace kamar mai duba ko an share ƙofar gidaje. Dariya ta kuɓuce wa Tungabai, kuka ya biyo ta a baya, ta rasa wanne za ta tsayar.

Da yamma, bayan ta sake wanka, ta kwashe abincin duka ta kai wa shanu: shinkafar, miyar tsamiyar, kunun mazarƙwailar da Shamacar ke so, da ƙosan da ya zama gawayi. Malaman sun tafi ba su ci ba. Wadiraj ya zauna a bakin kicin yana sosa ƙeya.

"Babban malamin ya ce za a iya duba wata rana a yi, Inna. Ya ce akwai hanya."

"Akwai. Amma ba ranarsa ba ce."

Ta juya masa baya tana kankare kaskon. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, ba ta kuma ɓoye wa kanta ba. Tunda mutumin nan ya rasu ba ta taɓa saɓa masa ba sai yau. Ta yi ta kankara tana magana ƙasa-ƙasa, ba da ɗanta ba. "Ka yi haƙuri. Tana nan tafe, za ta yi maka bayani. Sai dai ka shirya, ba ta iya gajerta magana ba."

Washegari da hantsi Irappa ya yi sallama, guduma da kwanon siminti a hannunsa, idanunsa a kumbure. Ya tsaya daga waje, don ya san ƙa'idar gidan.

"Gwaggo Tunga, na zo in cire miki ƙusar nan in toshe ramin. Ta gama aikinta. Kin yi haƙuri da ita da yawa."

Tungabai na zaune a ƙasa tana saƙa wa Bishnu abin wuya na ganyen tulsi. Ba ta ɗago ba.

"Wa ya aike ka?"

"Ai ke kika daɗe kina cewa..."

"Ka huda mini bango ban aike ka ba, yanzu kuma za ka farfasa mini shi ban aike ka ba? Tafi da gudumarka. Ina rataya abu a wurin."

Irappa ya leƙa. Tsinin ƙusar na nan tsirara, ba komai a kansa. Ya juya ya tafi.

Ta ƙarasa saƙar, ta ƙulle, ta miƙa ta ɗora wa Bishnu nasa a gefen fitila. Ɗan guntun zare ya rage da ganye huɗu ko biyar a jiki. Ta juya shi a hannu, sannan ta ƙulla bakinsa ta rataya a tsinin ƙusar. Ta cikin bango ana jin tafin Girija tana buga gurasar dawa, ɗan zaren kuma yana lilo kaɗan kaɗan da kowane bugu.